Ruwan Yana Gangara Gabas

Litinin, da yamma

Yau muka shiga tsohon gidan man. Ranar da Injiniya ya miƙo mini taswirar wurin a ofis na daɗe ina kallonta, har ya ce, “Lafiya dai?” Na ce lafiya lau, Yallaɓai. To me zan ce masa? In ce katangar yamman nan da ya ja wa jan layi, in ka tsallake ta ka wuce lungu ɗaya gidan Inna ne? In ce akwai rijiya a tsakar gidan, Baba ne ya haƙa ta tun ba a haife ni ba, kuma rabin layin daga ita suke sha, har da 'yata da nake bari a can kullum in zan tafi aiki?

Aikin irin wanda muka saba ne. Gidan man ya daɗe a rufe, wani ɗan kasuwa zai saya ya jera shaguna, aka ce sai an duba ko tankunan da ke binne sun taɓa yoyo. Namu shi ne mu haƙa ramuka, mu ciro ƙasa, mu zura bututu mu ɗebo ruwan ƙarƙashi, mu kai ɗakin gwaji. Iyakarmu katanga. Injiniya ya faɗa har sau biyu, abin da ke bayan katanga ba a ba mu shi ba.

Ya kuma ce gangaren wurin gabas ne, wajen kwari, can ruwan ƙasa zai bi da duk abin da ya ɗauko. Na ji daɗin maganar nan kamar an yi mini kyauta.

Da na je ɗauko 'yata Takwara (sunan Inna ta ci, shi ya sa kowa ke kiranta haka), ko sallamata Inna ba ta gama amsawa ba ta ce, “Tsaya nan, Mai Fetur! Cire takalman nan a bakin ƙofa.” Tun bara ta raɗa mini sunan, tun da ta fara ƙorafin ina shigo mata da warin mai. Ta ware mini bokitina, shuɗi, da kofina, kuma ba na zama mata a bakin gado sai na canza kaya. Ni ba na jin komai, hancina ya mutu tuntuni a aikin nan. Na wanke hannu a shuɗin bokitin, na sha ruwa a kofina, na ɗauki yarinyar muka tafi.

Talata, da rana

Mai haƙa mana ramuka Gafiya muke ce masa, don ba ƙasar da ta taɓa gagararsa, shi ma yana amsawa da murna. Rami na ɗaya da na biyu tsaf, jar ƙasa ce sai yumɓu. A na uku, da aka yi zurfi, ƙasar ta fito ruwan toka, tana maiƙo a safar hannuna. Muna da wata 'yar na'ura mai shinshina tururin mai, Hanci muke kiranta. Na zuba ƙasar a leda, na zura mata bakin Hanci, sai ta hau ihu kamar an taka mata wutsiya.

Gafiya ya ja da baya yana fifita fuskarsa da hula. “Malama, wannan ƙasar ko a babur na zuba ta sai ya tashi.”

Kowa ya yi dariya. Ni ma na buɗe baki.

Rami na uku shi ne ya fi kusa da katangar yamma. Wannan ba ya nufin komai. Tanki na tsakiya a nan yake, shi ke nan.

Laraba, da safe

Ruwan yana gangara gabas. Injiniya ne ya faɗa, kuma ya tsufa a aikin nan.

Laraba, da yamma

Na yi abin kunya. Na sayi ruwan roba na kai gidan Inna, na ce daga yau shi za a riƙa ba Takwara, wai cikinta na damunta. Ƙarya ce, cikinta ras, yarinyar da ke cin abinci kamar mai shirin tafiya.

Inna ta kalli ruwan, ta kalle ni. Ba ta ɗaga murya ba, ai da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi.

“Ruwan ubanki ne kika fara ƙyama?”

“Haba Inna, ba haka ba ne.”

“Da shi na yi wankan haihuwarki, da shi kika yi haƙori. Ki dubi kanki, me ya rage ki? Yanzu don kin iya saka farar riga kina leƙa kwalabe, rijiyar da ta shayar da layin nan kaf ta zama abin gudu.”

Tun rasuwar Baba ba ta taɓa barin ƙofar gidan a rufe da safe ba. Duk mai bokiti ya shigo ya ɗiba, ba tambaya. Ta ce ladan nasa ne, shi kaɗai ne abin da take iya aika masa. Famfon layin kuwa sai ya ga dama yake kawo ruwa, wani lokacin sati ya zagayo bai ko yi tari ba.

Na bar ruwan robar a gefen ƙofa. Da muka fito na tambayi Takwara wanne aka ba ta. Ta ce, “Na Inna ya fi sanyi.”

Juma'a, da rana

Yau muka auna zurfin ruwa a bututan huɗu. Igiyar awon tana da wani ƙarfe a baki, in ya taɓa ruwa sai ta yi ƙara, ka karanta. Na yi lissafin a kan murfin mota, na sake yi, na ba Injiniya ya yi nasa. Gabas. Gabas ɗin dai! Saura kaɗan in yi guɗa a gaban maza. Na aika aka sayo wa kowa lemo mai sanyi, Gafiya ya ce, “Malama, ko an yi miki ƙarin girma ne ba mu sani ba?”

Sai ga shi kafin mu tashi ya kira ni gefe. Yana share wurin da zai ajiye injinsa, shebur ya ci karo da tsakuwa. Ya ɗan tona. Tsohon rami ne mai tsawo, na wani bututu da aka binne aka manta da shi, an cike shi da tsakuwa maimakon ƙasa. Ya taso daga gindin tanki na tsakiya, ya miƙe sak ya shige ƙarƙashin katangar yamma.

“Ba ya cikin taswira,” in ji shi.

Na ce na gani.

Ruwa halin mutum gare shi, in ya sami hanya mai sauƙi ba ya tambayar ina ne gabas. Na gaya wa Injiniya. Ya leƙa, ya sosa ƙeya, ya ce za mu sa a rahoto, mai wurin ya san yadda zai yi. Lemon nan nawa ko rabi ban sha ba.

Asabar, da hantsi

Hanci tana ofis, cikin akwatinta, a jikin caji. Makullin ofis yana cikin jakata. In ɗauko ta, in je in ja guga ɗaya, in zura mata baki, aikin da bai kai dafa shayi ba.

Na wanke labulayen falo. Na fito da kwanukan da ba a taɓa ci a cikinsu ba na wanke su. Na canza wa gado wuri, na ga bai yi ba, na mayar da shi inda yake.

Baban Takwara ya bugo daga wurin aikinsa. Na ɗan gutsura masa labarin, ya ce, “To ki gwada mana, ba aikinki ba ne?” Kamar ni ban san aikina ba ne! Na ce masa shi da ke can nesa ai komai mai sauƙi ne a bakinsa. Sai ya ce Allah ya huci zuciyarki. Ba abin da ya yi mini, bawan Allah.

Lahadi, da yamma

Mun wuni gidan Inna. Na zauna na ba rijiyar baya, amma kunne ba ya da murfi. Ina jin gugan yana sauka, yana bugun ruwa, yana hawowa. Matar tela ta zo da cikinta haihuwa ko yau ko gobe, ta ɗibi bokiti biyu, Inna na yi mata faɗan ɗaukar nauyi. Mai shayin bakin titi ya aiko da jarkokinsa.

Inna ta ɗaure kai da ɗankwali tamau. Na ce ciwon kan ne kuma? Ta ce tsufa ne, in na kai can zan gani.

Na tashi na haɗa kayan Takwara muka tafi.

Litinin, da yamma

Ranar ɗiban ruwa. Bari in rubuta yadda aka yi, daki-daki.

Kwalaben ƙanana ne, kamar na turare. Sai ka cika kowacce har ruwan ya yi tozo a baki, ka rufe, ka kife ta ka ɗan ƙwanƙwasa. In ka ga kumfa ko ɗaya, zubar ka sake, don ta nan tururin man ke guduwa. Daga nan sai cikin kula, a kan ƙanƙara. Kowane bututu kwalba uku.

Akwai kuma wadda muke kira kwalbar shaida. Ita ba daga rami ake cika ta ba. Ɗakin gwaji ke ba mu tataccen ruwa a 'yar jarka, mu cika ta da shi a nan wurin aikin, ta yi tafiya tare da sauran. In an gwada an same ta tsaf, an san hannunmu da kayanmu ba su ɓata komai ba. In an same ta da datti, duk aikin ranar ya tashi a banza. Wannan shi ne abu na farko da ake koya wa kowa, ni kaina na koya wa mutane da yawa.

Jarkar tataccen ruwan ta zube a bayan mota. Haka na gaya wa Gafiya da ya ga wurin a jiƙe.

A jakata akwai gorar da Inna ke cika mini da ruwan rijiyar kullum da safe in na kai Takwara, tana mita tana cikawa, wai kada in je in sha na titi. Ta yau ko buɗe ta ban yi ba. Ruwa ne garai-garai, kana ganin zanen tafin hannunka ta cikinsa.

Kwalbar shaida ta cika da shi, ba kumfa ko ɗaya. Na liƙa mata takarda na sa ta cikin kula tare da sauran.

Talata, da safe

Sai sati mai zuwa sakamako zai fito. Bututan an rufe bakinsu, yanzu aikin ofis ne.

Na kai Takwara gidan ƙanwar babanta. Na bugo wa Inna na ce wurin ya fi kusa da ofis, kwana biyu ne kawai. Ta ce, “To.” Inna ba ta taɓa ce wa magana “to” kawai ta ƙyale ta ba.

Alhamis, da rana

Na sa mai kura ya kai wa Inna jarkoki shida na ruwan famfo daga wani layin. Da na bugo in ji ko sun isa, ta ce sun isa, an gode, ta wanke tsakar gida da biyu, sauran ta ba magina da ke aiki a maƙwabta su kwaɓa siminti. Wai ruwan famfo ba ya kashe mata ƙishi.

Wallahi taurin kan matar nan, in da ana haƙa rami da shi da Gafiya ya rasa aiki. Kuma an ce ni na gado ta.

Juma'a, da yamma

Lissafin ya ce gabas. Na sake dubawa yau, bai canza ba.

Asabar, da la'asar

Na je har bakin layin. Na tsaya wajen mai gyaran taya kamar ina jiran wani. Na hango ƙofar a buɗe, mata na shiga da bokitai suna fitowa. Na juya.

Me zan ce musu? Ku daina sha, ina zargi? Ku koma ina? In kuma ba komai, na ɓata wa Baba rijiya da bakina, har abada ba mai sake shan ruwanta da daɗin rai. In kuwa akwai, to kowane kofi da aka sha tun ranar da na ga ƙasar nan mai ruwan toka

A'a. Ba zan ƙarasa wannan ba.

Abinci ba ya shiga. Takwara ta tambaye ni yaushe za mu je wurin Inna, na ce gobe. Jiya ma gobe na ce.

Litinin, da hantsi

Shugabar ɗakin gwaji ta kira ni da kanta. Mace ce mai tsare gida, Anti muke ce mata, ba ta kiran mutum don gaisuwa.

“Ƙanwata, kina zaune?”

Na ce ina tsaye, Anti.

“Bututu na uku ya ɓaci, wannan kun sani. Na ɗaya da na biyu da na huɗu ba laifi. Amma kwalbar shaidarki fa? Akwai mai a cikinta. Ba ɗan kaɗan ba, ya wuce abin da aka yarda mutum ya sha nesa ba kusa ba. Na sa an maimaita, haka ya sake fitowa.”

Na ce ƙila safar hannuna ce. Ƙila murfin wata kwalbar ne bai rufu ba a cikin kula. Ƙila bayan motar ne, ai ana ɗaukar jarkar man janareta a ciki.

“Ƙila,” in ji ta. “Ruwan da na ba ki ba shi da gishirin ƙasa ko ɗigo, na kwalbar nan yana da shi. Ni dai aikina in rubuta abin da na gani. Amma ruwa ba ya tsami banza. In akwai masu shan wannan, kada ki bari ya kwana.”

Na ce na gode, Anti.

Zai iya zama safar hannun. Na taɓa ƙasar rami na uku da safe, zai yiwu ban canza ba kafin in buɗe gorar. Zai yiwu gorar ce ta ɗauki wari a jakata. Ni ce fa Mai Fetur, komai na taɓa sai ya yi wari, Inna ta faɗa ta ƙara.

Ya kwana.

Talata, da safe

Injiniya ya ga sakamakon. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce a duk ma'aikatansa ni ce ta ƙarshe da zai zata za ta ɓata kwalbar shaida, yanzu sai a sake ɗiban ruwan gaba ɗaya, shi kuma ya je ya tsaya gaban mai wurin yana kame-kame. Na ce a yi haƙuri, Yallaɓai. Faɗan ma daɗi ya yi mini. Gara a ce sakacina ne.

Talata, da azahar

Inna ta bugo. Ita da ba ta kira sai dai a kira ta.

Ta tambayi Takwara, ta tambayi aiki. Sai ta ce, tana 'yar dariya, “Ke Mai Fetur, wane irin mai ne kuke aiki da shi haka? Yau sati guda ba ki taka gidan nan ba, amma warinki ya ƙi fita. Shuɗin bokitin nan na wanke shi da sabulu, na goge da toka, na kife shi a rana, ƙarshe na ba mai gwangwan. Kofinki ma na jefar. Amma da safen nan ina jan guga sai na ji kamar kin shigo kin tsaya a bayana. Har waiwayawa na yi.”

Na miƙe, na jawo jakata, a nan tsakiyar ofis.

“Kina ji na?”

“Ina ji, Inna. Kada ki sha komai. Ga ni nan zuwa.”

Talata, bayan magariba

Na shiga wurin Injiniya ba ko ƙwanƙwasa ƙofa. Na gaya masa inda ruwan kwalbar shaida ya fito, da wanda ke zaune bayan katangar yamma. Ya cire tabarau ya kalle ni. Na ɗauka zai ce in ajiye makulli in tafi. Sai ya ce, “Mahaifiyarki? Kuma kika zauna kina lissafin gabas tare da ni?” Ya tashi da kansa ya ciro Hanci daga caji, ya haɗo mini sababbin kwalabe da jarkar tataccen ruwa. Ya ce wannan karon in yi shi yadda ake yi, shi zai kira mai wurin da jami'an lafiya. Maganar abin da na yi kuma, ya ce, tana nan tana jirana.

Na tarar da Inna tana tsintar shinkafa. Ban cire takalmi ba, ba ta kuma ce in cire ba. Na ja guga. Tun ina yarinya hannuna ya san nauyin gugan nan, yau sai da na huta a tsakiya. Na zuba ruwan rabin kwalba, na rufe, na girgiza, na buɗe kaɗan na zura bakin Hanci.

Ba ta yi ihu irin na rami na uku ba. A hankali ta fara, tana ƙarawa, tana ƙarawa.

Inna ta ajiye farantin. “Me take cewa?”

Na gaya mata. Tankin, da tsohon ramin tsakuwa, da kwalbar. Na yi ta zuba kamar ina karanta rahoto, don in na tsaya kuka zan yi. Ta bar ni har na gama.

“Tun yaushe?”

“Ban sani ba, Inna.”

“Tun bara,” in ji ta. Ba tambaya ba ce. Ta dubi inda shuɗin bokitin yake zama, ta dubi rijiyar. “Matar tela,” ta ce. Sai kuma, “Takwara.”

Na cika kwalabe uku, sai da na zubar na sake har sau nawa saboda kumfa. Na cika ta shaida da ruwan da ya kamata. A nan zan kwana.

Laraba, da la'asar

Na ce wa Inna ta bari ni in tsaya a ƙofa in yi wa mutane bayani, ko mu jira jami'an lafiya, sun ce za su zo da motar ruwa kafin azahar. Ta ce ba wanda zai kori mutane daga rijiyar mijinta sai ita.

Gari na wayewa ta kwance igiyar da kanta, ta naɗe ta a hannu. Ta ja kujera ta zauna a bakin ƙofa da gugan a cinya. Ƙofar dai a buɗe, kamar kullum.

Matar tela ce ta fara zuwa. Inna ta riƙe mata hannu ta gaya mata komai, ba ta rage ba, ta ce ta je asibiti yau ɗin nan ta faɗa musu abin da take sha. Yarinyar ta tsaya da bokiti tana kallon cikinta. Sai mai shayi. Sai tsohon da ke gadin shaguna, wanda suka haƙa rijiyar tare da Baba. Ya ce, “Haba Hajiya, ashe dai gaskiya ne, rijiya ta bayar guga ya hana?” Wasa yake yi, bai san komai ba tukuna.

Inna ta ce, “Yau dai gugan ne mai gaskiya, Malam. Zauna ka ji.”

Wasu sun yi salati, wasu sun yi godiya, wata ta tafi tana faɗa, wai dama an daɗe ana yi musu rowa a fakaice. Inna ta juya ga na bayanta. Haka ta zauna har rana ta take, ba wanda ta bari ya wuce bai ji daga bakinta ba. Gafiya ya zo da faffaɗan ƙarfe, muka rufe bakin rijiyar, ya ɗora bulo a kai. Ko wasa ɗaya bai yi ba yau.

Gobe za mu je a ɗebi jininmu, ni da ita da Takwara. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba sai na gani.

Da mutane suka watse Inna ta shiga ɗaki. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa kamar yadda na saba, da kayan aikina na jiya a jikina. Tana zaune a gado, gugan na gefenta.

“Shigo mana.”

“Ban canza kaya ba, Inna.”

“Na ce shigo.”

Na zauna a gefen gadon, a ɗofane. Ta jawo gefen mayafina ta kai hanci, ta shinshina, ta daɗe. Ta jawo hannuna shi ma ta shinshina.

“Sabulu,” in ji ta. “Sabulu kawai kike yi. Shekara guda ina korarki daga gadon nan, 'yar nan, ashe ba ke ba ce.”

Na kwantar da kaina a cinyarta, takalmana na kan zanin gadonta, ta bar su.